Ganyen Talatu

Kafin ladanin Tudun Wada ya kai ƙarshen kira
na riga na ɗaure adda a bayan babur.
Sanyin Jos na cizon yatsu,
amma ina da mai jira,
mai wuyan da ya ɗara katangar gidanmu,
wadda ba ta da bakin cewa tana jin yunwa.

Talatu muke ce mata,
don ran Talata babbar mota ta sauke ta,
an fasa rufin akwati saboda kai.
Tun ranar nake bin gonakin bayan Dong
ina sallama, ina roƙo:
ko za a bar ni in sari reshen bagaruwa?

Wani ya bari, wani ya ce sai da kuɗi.
Ngo Kachollom kuwa, tsohuwa mai lambu,
ta ce in hau gawon bakin rafi
muddin zan kawo mata kashin dabbar
ta zuba wa kabejinta.
Cinikinmu ke nan, ba takarda, ba rantsuwa.

Ba a zube mata ci a ƙasa kamar akuya.
Igiya nake ja, damin ya tashi sama,
ya tsaya inda tsuntsu kaɗai ke kaiwa.
Sai ta zaro harshen nan baƙi,
tsawonsa ya kusa kamu guda,
ya ratsa tsakanin ƙaya da ƙaya,
ya tsinke ganye, ko ƙwarzane babu.
Ni da na saro, tafina duk tsaguwa.

Akwai shekarar da kuɗin abinci ya makale a ofis.
Wata biyu sai dusa,
sai ragowar karas daga Farin Gada,
sai burodin da 'yan makaranta ke miƙawa ta waya
suna ihu, suna ɗaukar hoto.
Ta ci. Mai yunwa ba ya zaɓe.
Amma ta daina tuƙa,
ta koma lasar ƙarfen ƙofa
daga hantsi har faɗuwar rana,
haƙarƙarinta ya fito ana ƙirgawa.

Dokta Nanret ta zo daga Vom,
ta tsuguna, ta murje kashin da yatsa,
ta ɗago ta dube ni.
"Jatau, zaƙi ne ke kashe ta.
Cikin nan don ɗaci aka gina shi,
don ɓawo, don ganye mai tauri.
Ba ta harawa, ka rataye ta sama,
ka ajiye dutsen gishiri,
dusa kuwa awo ɗaya, kada ka ƙara.
In dare ya yi, rufe ta daga iska,
ba ta da kitsen da za ta yi bargo da shi."
Na rubuta a bayan katin shiga
har biro ya gaji da rubutawa.

Ran da tuƙa ta dawo ina tsaye.
Na ga dunƙulen na hawa ta cikin wuya
kamar guga na fitowa daga rijiya,
a hankali, a hankali.
Na zauna a kan bokiti.
Ban san idona ya cika ba
sai da Davou mai shara ya hau yi mini tsiya da wasa.

'Yata Asabe ta taɓa tambaya ta:
"Baba, a garinsu wa ke saro mata?"
Na ce babu kowa.
Can itace ke tsaye, ita ke tafiya.
Nan ita ke tsaye,
ni nake ɗauko mata dawa a kan babur,
dami ɗaya, dami biyu,
abin da igiya ta iya riƙewa.

Da azahar nakan kwance ƙunshin gwatena
a gindin katangarta.
Ita tana ci daga sama, ni daga ƙasa,
wani ganye ya kuɓuce mata
ya faɗo cikin kwanona.
Ba na cirewa.